Shekarar da Ƙofar Ruwa Ta Yi Lilo

Aikin farko da Baba Ilu, tsohon da ke kula da wajen, ya sa ni, ranar da aka kai ni ƙofar ruwa, zama ne. Ya nuna mini wani dutse a gindin darbejiya ya ce in zauna. Shi kuma ya hau dakalin siminti, ya kama sitiyarin ƙofar ya murza sau biyu, ya sauko ya zauna kusa da ni ya ɓantari goro. Na ɗauka hutawa muke yi kafin a soma. Hantsi ya wuce, rana ta take, muka yi azahar a bakin kanal, wato magudanar ruwan, muka dawo muka sake zama. Da na gaji sai na tambaye shi yaushe za mu fara aikin. Ya dube ni ya ce ai tun safe muke yi.

Ku da aka turo mini daga makaranta, kowa da kwamfutarsa a jaka, na ji abin da ɗayanku ya faɗa jiya a wajen mai shayi, wai aikin nan yanzu danna waya ne kawai, inji ne yake yin komai. Ban ji haushi ba. Ni ma da na zo na ce murza ƙarfe ne kawai. Amma tunda ku za ku riƙe ƙofofin nan bayan mu, gara ku ji yadda abin yake.

Reshen da nake kula da shi yana fita ne daga babbar kanal ɗin da ta taho daga Tiga. A nan kansa, wajen Kura, akwai ƙofar ƙarfe mai hawa da sauka. Daga nan ruwa ya miƙe ta cikin gonaki har can wajen Bunkure, inda reshen ya ƙare. Manoman da ke kusa da ƙofa muna ce musu 'yan kai, na can ƙarshe kuma 'yan wutsiya. Abin da za ku fara haddacewa shi ne wannan: idan ka ɗaga ƙofa a nan, ɗan wutsiya ba zai ga bambanci ba sai bayan kamar awa uku. Wannan idan kanal a share take. Idan ciyawar kacala da kainuwa sun cika ta, sai ya kai huɗu ko fiye. Duk wahalar sana'ar nan a cikin awa ukun nan take.

Na gane haka ne ranar da Baba Ilu ya tafi ta'aziyya Madobi ya bar mini ƙofa, ina wata na biyu. Da hantsi wani ɗan wutsiya ya zo a keke yana haki, ya ce babu ruwa, albasa tana mutuwa. Na murza biyu. Ba a yi rabin awa ba wani ya zo da irin maganar. Na ce ashe biyun ba ta isa ba, na ƙara biyu. Na ukun da ya zo shi ne Alhaji Mamman, mai babbar gonar tumatir da albasa a wutsiya, mutum mai murya kamar amsa-kuwwa. A lokacin ma bai je Makka ba, amma muryar tana nan. Ya ce ko dai in buɗe ko ya hau ya buɗe da kansa. Na ƙara huɗu don ya tafi. Kafin la'asar ruwan da na saki duka ya isa musu a tare, ya haura gaɓa, ya shafe fangalin albasa, har takalman wani ya tafi da su. Mutum ukun nan suka dawo a keke ɗaya da ɗaya, wannan karon suna cewa in rufe. Na rufe ruf. Washegari da safe wutsiya ta bushe ƙayau.

Baba Ilu da ya dawo bai yi faɗa ba. Ya sa na share giris ɗin sitiyari tas na sake zuba sabo, sannan ya ce, "Sabo, wanda ya zo maka a keke, labarin ɗazu ya kawo maka. Ka tambaye shi yaushe ya bar gona, kuma ko ya tsaya shan kunu a hanya. Ruwan da ka saki kuwa yana nan tafe, ba shi da bakin da zai gaya maka inda ya kai."

Daga baya na lura ba kowace magana yake ɗauka yadda ta zo ba. Yana da ma'aunin kowa a kansa. Idan Alhaji Mamman ya ce gona ta ƙone, Baba Ilu yakan raba maganar uku ya ɗauki kashi ɗaya. Akwai wani Malam Garba, mai shinkafa, wanda bai iya kuka ba. Shi idan ya zo ya ce ruwan ya ɗan ja baya, to a tashi tsaye, abin ya ɓaci. Idan mutum ɗaya ya kawo labarin da bai yi daidai da abin da Baba ya san ya saki ba, sai ya jira na biyu. Kuma bai taɓa murza fiye da biyu a lokaci guda ba, ko da hakimi ne ya aiko. Kayan aikinmu duka a lokacin ba su wuce sitiyarin ba, da gwangwanin giris, da manjagarar jan kainuwa, da sandar awo mai zane-zane da aka kafa a cikin ruwa, da keke guda mai birki ɗaya. Da su na yi shekaru da yawa bayan ya rasu, Allah ya jiƙansa.

Sai aka kawo inji. Wani shiri ne na gwaji, aka zaɓi reshena. Aka cire sitiyari aka ajiye a gefe, aka ɗaura wa ƙofar wani inji mai murza ta da suke ce wa mota, mai aiki da hasken rana. Aka kafa akwatin ƙarfe a kan dakali, a ciki akwai ƙwaƙwalwar da za ta riƙa ba motar umarni. A wutsiya kuma aka kafa sanda mai hannu da ya leƙa kan ruwa, a bakin hannun aka rataya na'urar awo. Ita aikinta ta duba ƙasa ta auna inda ruwa ya kai, ta aiko wa akwati saƙo ta layin waya. Ba a yi kwana biyu ba manoma suka sa mata suna Magulmaciya. Wanda ya haɗa kayan wani matashi ne, Injiniya Rabi'u, yaro mai ladabi, yana ce mini Baba Sabo. Ya ce ya gwada komai a ofis, a cikin wata doguwar randa ta roba, kuma bai taɓa kuskure ba. Na tambaye shi tsawon randar. Ya ware hannuwansa biyu. Na bar maganar, don a lokacin an riga an ce mini aikina ya koma goge allon sola da korar awaki.

Ranar farko lafiya lau. Rana ta biyu da safe 'yan kai suka jefa tiyo-tiyonsu a tare suka ja ruwa, wutsiya ta yi ƙasa. Magulmaciya ta aiko. Akwati ya ɗaga ƙofa. Bayan minti biyar ya sake tambaya, aka ce har yanzu ƙasa take, ya ƙara. Bayan biyar ya ƙara. Ina zaune ina kallon injin gwamnati yana yin abin da na yi ina wata biyu a bakin aiki, sai dai shi ba ya gajiya kuma ba ya jin kunya. Kafin ruwan farko ya isa wutsiya, ƙofa ta kai maƙura. Da ruwan ya isa ya yi ambaliya, sai akwati ya soma rufewa, ya yi ta rufewa har ƙasa. Daga ranar haka muka zauna: sama, ƙasa, sama, ƙasa, kamar lilo. 'Yan wutsiya su yi iyo da azahar, da safe su yi ta kallon laka. 'Yan kai kuma duk sanda ruwa ya sauka tiyo ya sha iska, sai mutum ya sake nitsa shi ya toshe baki ya ja, sau nawa a yini.

Na buga wa ofis waya, aka ce inji yana koyon kanal ne, in ba shi lokaci, kada in taɓa.

Ranar kasuwar Bunkure abin ya fi muni. Kowa yana waya, sabis ya cushe, saƙon Magulmaciya ya maƙale a hanya. Sai a yi awa ɗaya akwati bai ji komai ba, sannan saƙonni su zubo masa a tare, na ƙarfe goma ya riga na ƙarfe tara shigowa. Shi kuwa bai san tambayar yaushe ka bar gona ba. Duk wanda ya shigo ƙarshe shi ne gaskiya. Na ga ƙofar nan ta hau ta sauka sau uku kafin in gama cin rogon da ke hannuna. Mutanen da ke dawowa daga kasuwa suka fara tsayawa kallo. Wata tsohuwa ta ce tun tana yarinya ta san gindin darbejiyar nan ba kowa ke zama ba. Wani ya kawo turare ya kunna a ƙarƙashin akwatin. Ban hana shi ba, don ni ma ba ni da abin da ya fi nasa.

Akwai kuma abin da ya fi ɗaure mini kai. Kusan kullum bayan la'asar, ko ruwa yana ƙasa, sai ƙofa ta rufe gaba ɗaya kamar an tsawata mata. Rannan na hau babur na tafi wutsiya na zauna ina gadin Magulmaciya. Can sai ga Jauro Bello da shanunsa sun gangaro shan ruwa, a inda suka saba sha tun kafin a haifi injiniyan. Wata farar saniya mai ƙaton tozo ta shiga ta tsaya daidai ƙarƙashin na'urar, don nan ne hannun sandar ya yi 'yar inuwa. Na'ura ta duba ƙasa ta ga tozo, ta aika cewa ruwa ya kai wuyan mutum. Na gaya wa Jauro abin da ke faruwa. Ya daɗe yana kallon saniyar, sannan ya tambaye ni, wato ita ce take rufe ruwan gwamnati tun daga nan? Na ce ita ce. Ya ce dama ya san ba ƙaramar saniya ba ce. Har ta tsufa sunanta Injiniya.

Kuna dariya, mu ma yanzu muna yi. A shekarar ba mu yi ba. Tumatir ba ya son a ba shi ruwa yau a hana shi gobe. Fure ya zube, wanda ya ƙulla ya tsattsage, wani gindinsa ya yi baƙi tun yana ɗanye. Alhaji Mamman ya tsinke abin da bai kai rabin na bara ba, kuma dillalan Kadawa da suka ga kwandunan suka wuce. Malam Garba, wanda bai iya kuka ba, ya zo ya tsaya a gabana ya ce shinkafar ta ɗan sha wuya, na san ta tafi ke nan. Manoma ba su san wani ofis ba, ni suka sani. A masallaci a gaisa da ni sama-sama. Ofis kuma suka aiko mini da takarda in yi bayanin dalilin da ya sa nake wasa da ƙofa da hannu, tunda inji ba ya kuskure. Saura kaɗan a sallame ni a kan laifin akwati.

Ranar da na cire wa motar wuta na mayar da sitiyari, na san ina iya rasa aikina. Na buga wa Injiniya Rabi'u na gaya masa abin da na yi, na ce in yana so ya kai ni ƙara ya kai, amma ya fara zuwa ya kwana uku a Kura tukuna. Ya zo. Wannan shi ne abin da nake girmama shi da shi har yau. Alhaji Mamman ya tare shi a bakin gona ya yi masa wankin babban bargo, yaron nan yana tsaye da takalminsa cikin laka yana saurare, da aka gama ya ce a yi haƙuri, laifinsa ne, ba na Baba Sabo ba.

Muka yi awo na gaskiya. Ya tsaya a wutsiya da agogo, ni na murza biyu a kai na buga masa waya na ce na saki. Ya jira. Bayan awa ɗaya ya bugo ya tambaya ko na tabbata na buɗe. Bayan biyu ya sake bugowa. Da ruwan ya motsa a kan sandar awo, awa uku da kwata, sai ya bugo ya ce, "Baba, randata daƙiƙa huɗu ce."

Da yamma na ba shi labarin Baba Ilu da ma'aunin da yake yi wa mutane. Ya ce duk wannan akwai shi a littafi, da sunaye na Turanci da lissafi mai tsawo, sun yi jarrabawa a kai har ya ci. Na ce to ai sai a gaya wa akwatin. Abin da ya zuba masa, da bakinmu na nan, guda huɗu ne. Kowane saƙo ya zo da lokacin da aka aiko shi, wanda ya tsufa a hanya a yar da shi. Akwati ya riƙa tuna ruwan da ya riga ya saki wanda bai isa ba tukuna, ya sa shi a lissafi kafin ya ƙara. Kada ya motsa ƙofa da yawa a lokaci guda. In kuma ya daina jin Magulmaciya gaba ɗaya, ya tsaya inda yake ya kira wayata. Sannan ya yi masa abin da ya kira tacewa: kada ya gaskata awo guda ɗaya, ya tara da yawa ya gwada su da abin da shi kansa yake tsammani, wanda ya yi tsalle ya fita daban ya bar shi a rariya. Na'urar kuma muka sa ta a cikin bututu mai faɗi da aka kafa a gefen kanal, ruwa yana shiga ta ƙasa, saniya ba ta shiga.

Kada ku ɗauka daga nan an gama. Injiniya ya ji tsoron abin da ya faru, sai ya cika tacewar. Akwati ya koma mai taurin kai. Rannan gafiya ta haƙa rami a gaɓar kanal can tsakiya, gaɓa ta ɓalle, ruwa yana kwarara cikin wata gonar masara. Magulmaciya tana ta aikowa cewa ruwa yana sauka da gudu, akwati yana cewa gulma ce. Ya fi awa ɗaya kafin ya yarda ya kira ni, lokacin mai masarar ya riga ya iso da kansa, jiƙe har ƙugu. Muka sake zama muka rage. Idan ka tace kaɗan, saniya ta rufe maka ƙofa. Idan ka tace da yawa, ka ƙara jinkiri a kan jinkiri, gaskiya ma ta zo ta tsaya a waje. Tsakanin biyun nan ake nema, kuma ba ya zama wuri ɗaya. Kacala ta tsiro, awa uku ta koma huɗu, lissafin bara ya tashi daga aiki. Shi ya sa duk farkon rani za ku ga na tura mutum wutsiya da agogo. Bana ɗayanku ne zai je, ya tafi da hula da abin zama.

Rani na biye ƙofar nan ta natsu. Sai ka wuni a wajen ba ka ga ta motsa ba sai ɗan kaɗan da safe, ɗan kaɗan da yamma. Ruwan wutsiya ya tsaya a zane ɗaya kamar an ɗaure shi. Tumatir ya yi kyau har Alhaji Mamman ya soma amsa sallamata da cikakkiyar murya.

A wannan ranin ne aka ce manya za su zo daga Kano su ga abin da aka yi. Aka share dakali, aka shafa wa akwati fenti, aka kafa rumfa. Mota biyar suka zo. Babban cikinsu, mai babbar riga da tabarau, ya tsaya gaban ƙofa ya harɗe hannu yana jira. Minti biyar, goma, ƙofa ko gezau. Ya juya ya tambaya ko ta lalace ne. Injiniya Rabi'u ya matso ya yi bayani cewa rashin motsin shi ne nasarar, ruwa yana daidai, babu abin gyarawa. Mutumin ya ce shi bai baro ofis ya sha hanya don ya ga ƙarfe a tsaye ba, ga masu ɗaukar hoto an zo da su, a sa ta yi aiki. Injiniya ya dube ni, na dube shi.

Na zagaya bayan akwati na juya makunnin zuwa na hannu, na danna. Motar ƙofar ta yi ƙara, ƙofa ta tashi, ruwa ya yi tsalle ya fita da kumfa. Aka tafa. Babban ya ce a ƙara, don mai hoto bai shirya ba. Na ƙara. Ya ce yanzu ya ga aiki, ya yi wa injiniya alkawarin zai ambace shi a sama. Suna shiga mota na mayar da ƙofa inda take, amma wanda ya fita ya fita.

Injiniya ya ce ko mu buga wa 'yan wutsiya mu gargaɗe su. Muka buga, ranar kasuwa ce, babu sabis. Muka zauna muka ci abincin da manya suka bari a rumfa, don babu abin da ya rage mana. Baƙin sun isa Kano, na tabbata har sun yi la'asar sun kishingiɗa, sannan wayata ta yi ƙara. Ban ma kai ta kunne ba na ji muryar Alhaji Mamman.

"Sabo! Wane ne ya taɓa ƙofar nan?"

Na ce, "Alhaji, manya ne suka zo."

Ina jin ƙarar ruwa a bayansa. Sannan ya ce, "To ka gaya musu gaisuwarsu ta iso. Tana cikin albasata."